Hannun Yaya a Gidan Tsofaffin Fiyano

Yayana ya yi shekaru yana kaɗa fiyano a situdiyoyin Kano kafin ya koma kasuwanci. Ina yarinya a lokacin, amma na tuna yadda yake dawowa gida da kaset a aljihu, ya sa mana a rediyon Inna, ya ce mu yi shiru mu ji wurin da ya shigo. Da sana'ar ta ja baya, sai ya tattara ya tafi birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Shi ke saya mini takalma a kasuwar Zhanxi, ya bi kayan har tashar Nansha a loda su a jirgin ruwa, ni kuma in karɓa a Kano.

A can ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, yana tsakiyar ciniki a wani shago. Kafin in sami biza in isa, har an sallame shi daga asibiti. Na tarar da shi a ɗakinsa na haya a unguwar Dengfeng, saman wani shagon waya, hannun dama kwance a cinyarsa, magana tana fita da ƙyar. Likita ya ce kada mu sa rai da hannun sosai. Na zo ne in tafi da shi gida.

Maƙwabcinsa, wani Badamagare da ya yi jinyarsa kafin zuwana, shi ya ba mu labarin gidan fiyano. Ya ce akwai wani wuri a cikin gari da aka tara tsofaffin fiyano, kuma ana barin kowa ya taɓa. Na harare shi, amma Yaya ya riga ya ji.

"Auta, ki kai ni," in ji shi.

"Yaya, ka bari sai ka ƙara jin ƙarfi."

"Jibi za mu tashi. Ki kai ni."

Da hantsi muka shiga tasi. Wurin dogon zaure ne mai sanyi, an jera kayan kiɗa hagu da dama. Akwai na katako masu abin takawa da ƙafa kamar keken ɗinki, akwai masu wayoyi birjik da maɓallan murɗawa. 'Ya'yan Sinawa suna ta buga su yadda suka ga dama, iyayen suna ɗaukar hoto. Yaya yana jan ƙafa, yana dafa kafaɗata, yana yi mini bayani a hankali: wannan sautin sarewa yake fitarwa, wancan a mujalla kawai ya taɓa ganinsa. Tun da na zo ban ji ya yi doguwar magana irin wannan ba.

Can ƙarshen layi ya tsaya gaban wani baƙin fiyano, wanda rubutun jikinsa ya koɗe. Ya ce irinsa ne ya yi aiki da shi. Matar da ke kula da wurin ta jawo masa kujera ta kunna masa. Bai ko duba ba, yatsan hagunsa ya je kan wani maɓalli, kiɗan ganga ya tashi, ya rage masa sauri har ya yi kama da na bukukuwanmu. Ya fara bin sa da hagu, kuma hagun bai manta komai ba.

Sai ya ɗauko hannun dama da na hagu ya ɗora a kan fiyanon. Hannun ya danne maɓallai da yawa lokaci guda, wani mummunan sauti ya fita, sannan ya zame ya koma cinyarsa. Ya sake gwadawa, haka ta sake faruwa. Yaran da ke kusa suka juyo.

"Auta, zo ki zama hannuna. Ki danna nan, sai nan, sai ki dawo nan."

Ban taɓa kaɗa komai ba a rayuwata. Na danna inda ya nuna, ina kallon bakinsa yana ƙirga mini.

"Kin makara. Sake."

Na sake, na yi gaggawa. Na sake, na taɓa na kusa da shi. Bai yi faɗa ba, ya dai bar ƙirga mini. Matar ta matso da wayarta, ta nuna da hannu ko yana so ta ɗauki sautin ya tafi da shi. Ya girgiza kai ya ce mata "meyo", wato babu, ya miƙa hagu ya kashe fiyanon.

Muka shiga tasi, har muka kusa gida. Yana kallon titi ya ce waƙar tana nan a kansa cif, ba abin da ya ɓace, kullum yana jin ta.

"Da ma da hannun zai tafi, ya haɗa da ita," ya ce.

Na ce Allah zai kawo sauƙi. Ya amsa da amin, don dai kada ya bar ni haka.

Yanzu yana gidansa a Kano. An yi gashi, an yi addu'a, an gwada na asibiti da na gargajiya, hannun yana nan yadda yake. Ni ma na daina sarin takalma daga can, don ba ni da mai bi mini kaya. Idan na je gaishe shi nakan same shi a tsakar gida, yana kallon jikokinsa suna wasa. Matarsa ta ce in ana biki a layinsu, tun kafin a fara gwada lasifika yake cewa a mayar da shi ɗaki a rufe taga.