Ranar da Obed Ya Kashe Wutarsa

Duk wanda ya tashi a unguwarmu, can bayan garin Kupang, ya san Obed Ndolu da hanci tun kafin ya san shi da ido. Shekara arba'in yana kyafa naman alade a bayan gidansa, garwashin itacen kusambi a ƙasa, ɗanyen ganyensa lulluɓe da naman a sama. Gajere ne, hayaƙi ya rina masa idanu, ga taurin kai na bugawa a jarida. Dokarsa ɗaya ce: ba a kashe wuta sai nama ya nuna. Ranar da aka haifi 'yarsa Sarci ma bai bar bakin murhu ba sai da ya sauke, kuma har gobe matarsa Welmince tana yi masa gorin wannan.

Sarci ta girma, ta auri Burhan, wani masunci Musulmi daga tsibirin Alor, ta bi addininsa. Obed bai hana ba. Amma shekara shida ke nan tana zuwa gida ta gaishe su, ta sha ruwan kwakwa, ta tafi ba ta ci komai ba. Da gaskiyarta, don babu tukunyar da ba ta san alade ba a gidan. Abin yana cin Obed a rai ƙwarai. Ya ciyar da rabin gari, 'yarsa ta cikinsa kuwa tana fita daga gidansa da yunwa.

Kirsimetin bara ya aika mata saƙo: ta zo da mijinta, zai kyafa musu naman shanu, ko hayaƙin alade ba zai taɓa nasu ba. Ya gina sabon murhu a gabashin gida, ya sayi sabuwar raga da wuƙa da faranti, ya sa limamin masallacin bakin teku ya yi yankan. A tsohon murhu kuma ga cinyar alade da ta kwana tara cikin gishiri, wadda dangi talatin za su zauna a kanta bayan an taso daga coci.

Da hantsi komai na tafiya daidai, sai iska ta juya. Hayaƙin tsohon murhu ya kwanto, ya miƙa ta kan rijiya, ya doshi sabon. Obed ya kafa tabarma a tsakani, iska ta kayar da ita.

Ƙanensa Melkias, wanda bai taɓa makara wurin ci ba, yana zaune a kan turmi yana kallo.

"Yaya, hayaƙi ne fa kawai. Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"To sauke na shanun mana, ka kai ɗaki."

"Bai nuna ba. In ba ta ɗanye bayan shekara shida?"

"Mu kuma fa? Mu ci tabarma?"

Obed ya miƙe. Ya ɗauki bokiti, ya ja ruwa a rijiya, ya tsaya kan tsohon murhu. Sannan ya sheƙa. Garwashin ya yi kuka, toka ta tashi ta baɗe cinyar nan da ake ta yi wa tanadi.

Melkias ya dafe kai. "Wayyo cinya! Welmince, fito ki ga mijinki ya haukace!"

Welmince ta leƙo, ta dubi murhun, ta dubi mijinta. Sai ta ɗauke cinyar ta wanke, ta yayyanka a tukunya. Ranar dafaffen nama dangi suka ci, ana ta guna-guni, Melkias na kan gaba, ko da yake sau uku ya ƙara.

Da azahar Sarci ta iso da Burhan. Ba wanda ya gaya mata komai. A gidan ta girma, tana zagayowa baya ta ga tsohon murhu jiƙe sharkaf, sabon kuma yana ci a hankali, sai ta tsaya cak. Ta matso ta goga hancinta a na mahaifinta, yadda muke gaisawa, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Baba, ranar da aka haife ni ma ba ka kashe ta ba."

Obed ya share ido da bayan hannu, wai hayaƙi ne.

"Ai ranar ba ki da haƙora," in ji shi.

Ya ɗaga ganyen, ya yanko da sabuwar wuƙa, ya miƙa mata. Ta yi bisimilla ta ci a tsaye, nan bakin murhu, ba ta ko jira faranti ba.