Roƙon Mma na ƙarshe

Ranar Asabar ce. Ƙarfe shida na hura gawayi na ɗora kokon sayarwa. Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, tana ɗaki tana addu'ar safe. Shekara uku ke nan ƙafafunta ba sa ɗaukarta, amma bakinta ras. Mu kaɗai ne Kiristoci a gidan hayarmu a Moshi Zango, kuma kowa ya san muryarta. Ba abin da ba ta kai wa Ubangiji: ruwan famfo, tsadar gawayi, haƙorin jikar Hajiya Memuna mai gidanmu. Ni kan ce mata, "Haba Mma, ki bar Allah ya huta mana!" Sai ta ce shi bai taɓa cewa ya gaji ba.

Ƙarfe takwas da rabi famfon bakin layi ya kawo ruwa. Na ɗauki bokiti biyu na tafi.

Ƙarfe tara muka ji harbi. Ɗaya, sannan biyu a jere. A cikin matan da ke layin famfon ba wadda ta motsa. A Kumasi Asabar ranar jana'iza ce, kuma idan babban mutum ya rasu akan buga bindiga. Da muka hango samari da jajayen ƙyallaye a kai, irin waɗanda ake ɗaurawa wajen jana'iza, sai muka ce masu makoki ne. Har wata ta janye bokitinta don su samu hanya. Ni kuwa, wauta, na tsaya ina jiran nawa ya cika. Wannan tsayuwar har yau tana cina.

Sai muka ga adduna. Rigimar filin tasha ce da aka yi mako ana yi, ta shigo cikin unguwa.

"Ku gudu! Ku rufe ƙofa!"

Na yar da bokiti. Kafin in isa gida, shagon katako na kusa da mu ya kama wuta. Duwatsu na sauka a kan kwano kamar ana sussukar masara. Hajiya Memuna ce ta taya ni ɗaga Mma. Ta cire mayafinta ta ɗaure mini ita a baya. Muka fita ta ƙofar bayan gida.

Muka bi lungu, muka tsallake kwata. A nan silifas ɗina suka tsinke, na bar su. Kwalabe a fashe ko'ina. Mma ta sa bakinta dab da kunnena tana addu'a. Ubangiji, ka buɗe hanya. Ubangiji, ka kare Hajiya. Ka ba mu mota.

Wajen tara da rabi wani abu ya buge mu ta baya. Na durƙusa, na sake tashi. Na ji ɗumi yana bin wuyana, na ɗauka gumi ne.

"Kar ki tsaya, Saratu!" Hajiya ke ihu.

Ban tsaya ba. Muryar Mma ta yi ƙasa, amma ina jinta. Ta ce, "Ya Yesu, yarinyar nan ba takalmi. Ka ba ta takalmi." Daga nan ban ƙara jin komai ba. Na ce a raina ta gaji ne. Wallahi haushi ma na ji: muna neman rai, ita tana zancen takalmi.

Ƙarfe goma muka fito babban titi. Wani mai aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ya zubar da buhunan albasarsa ya ɗauke mu. Sai da aka kwance mayafin na ga kanta. Dutse ne ya same ta a ƙeya. A asibiti likita ya duba ta, ya cire abin sauraronsa, ya dubi Hajiya. Ni bai dube ni ba.

Ɗakinmu ya ƙone. Tukwane uku, katifa, Littafi Mai Tsarki nata na Hausa. Mutum ɗaya aka rasa a gidanmu.

Da la'asar ina zaune a barandar asibitin, an naɗe mini tafin ƙafa da bandeji. Wata mai shara, ban san ta ba, ta zo ta ajiye silifas a gabana ta wuce. Shuɗaye ne, sun ɗan yi mini yawa. Ban gaya wa kowa abin da Mma ta roƙa ba. Na daɗe ina kallonsu kafin na iya sawa.