Hantsin da Na Riƙa Shanya Autata

"Inna, a rana kike kwantar da ita?" Likitan ya ajiye biro yana kallona.

Na ce ƙwarai kuwa. Wata uku autata tana fama da ciwon gaɓoɓi, jan tabo ya haye mata karan hanci da kumatu, gashi na zuba, ƙafa ta kumbura suntum. Mu a ƙauyenmu na Buji, sanyin ƙashi hantsi ake ba shi. Kullum na shimfiɗa mata tabarma gefen rumbu, in ta yi ƙorafi in ce, "Kwanta dalla, ragguwa!" Sai da ta kasa miƙewa muka ɗauko mota zuwa Dutse.

Ya ce sunan ciwon lufus, kuma ya fara taɓa ƙoda. Na ce, "Ɗan nan, wa ya yi mata?"

"Babu kowa. Kin taɓa ganin an yi ihun ɓarawo a kasuwar Jahun?"

"Har takalmi na jefa."

"Kin tambayi sunansa?"

"Ina! Ana ihu wa ke tambaya?"

Ya ce to haka jikin mutum yake. Akwai masu gadin da Allah ya halicce mu da su tun cikin ciki, ba wanda ya koya musu aiki. Da sun hango abin da ya yi kama da baƙo sai ihu, sauran dakaru su fito da sanduna. Nata masu gadin, in rana ta ƙona fata, ɓurɓushin naman jikinta suke gani su ɗauka baƙo ne. Sai a rufe ɗan gida da duka.

Na haihu tara, na yi wa mata wankan jego ba adadi, ban san da gari guda a ƙarƙashin fata ba, har da masu tsaronsa da ba sa runtsawa. Na dubi hannuna kamar na wani. Ikon Allah! Ashe ni ce ke kai ta tsakiyar kasuwa kullum safiya, ina ganin magani nake yi. Abin nan ba zai bar zuciyata ba har kabari.

Aka ɗora ta a kan ƙwayoyi masu lallashin masu gadin. Wata biyu ƙafa ta saɓe, takalmi ya shiga.

Ranar da ta fara fitowa shanyar gero, na bi ta da laima a guje.

Ta ce, "Inna, yau ba shan hantsi?"

Na ce, "Wuce inuwa, ja'ira, kada ki tayar min da mutanen nan."