Muntaka, Ɗan Dokan da Ya Kasa Duban Surukinsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Sha'aban, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran aminina Muntaka, manomi a ƙauyenmu na gabas da Zakirai. Na zauna in yi kuka, Muntaka, sai dariya ke riga hawaye fitowa, kuma laifinka ne.

Kai ne mai fara isa gonar gayya, kai ne na ƙarshen tashi. Jakinka ya yi wa rabin gari dakon taki, ba ka taɓa karɓar ko goro ba. Amma 'yan birni ba su san ka da wannan ba. Su a wurinsu kai ne mugun ɗan dokan nan na fim.

A shekarar farin nan da rumbuna suka koma ɗakin kwanan ɓeraye, masu shirya fim suka zo daga Kano. Labarin zamanin Turawa za su yi, yadda manoma suka yi bore kan haraji, Bature ya turo 'yan doka suka farfasa musu jiki. Ladan gari buhunan gero ne, sai an gama aiki. Shugabansu Basiru ya ga tsawonka da faɗin ƙirjinka, ya ɗora maka jar dara, ya miƙa maka dorina. Ya kuma zaɓi wani dattijo mai kwarjini ya zama jagoran bore, wanda za ka zane a gaban Bature. Bai tambayi kowa ba. Dattijon nan Malam Tasi'u ne, mahaifin matarka Hure.

Mutumin da ko ruwa ba ka sha a gabansa! Aka ce a fara. Ka taho da gudu kamar gaske, kana isa gabansa ka tuɓe takalma ka durƙusa. Aka sake, ka sake durƙusawa. Baturen ma, wani Kwara ne, ɗan kasuwa daga Labanan, dariya ta sa hularsa faɗuwa. Basiru ya fusata, ya ce rana na tafiya, in ba za a yi ba, sai su kwashe kayansu da geronsu su nufi wajen Minjibir. Nan dariya ta ɗauke, don kowa ya san abin da ya baro a gida.

Malam Tasi'u bai dube ka ba, ni ya duba. Ya ce, "Sama'ilu, gaya wa yaron nan jikokina ba su karya ba yau. In bai doke ni ba, ni zan doke shi."

Aka cusa masa buhu a cikin riga. Ka ɗaga dorina, ka kau da kai gefe, ka sauke ta. Da fim ya fito, sai 'yan birni suka yi ta cewa ba su taɓa ganin azzalumi irinka ba, wai don tsabar raini ko kallon wanda kake duka ba ka yi.

Washegarin ranar dukan ka aike ni wurin Malam Tasi'u da goron ban-haƙuri. Tsohon ya ɓare ɗaya ya ce, "Ka ce masa gara ya riƙe noma, duka ba sana'arsa ba ce." Har ka koma ga Allah ba ka yarda ka kalli fim ɗin ba.

Geron ya riƙe mu har sabon hatsi ya shigo. Yaran da suka sha kununsa a shekarar, su ne magidantan da suka yi ta rige-rigen ɗaukar makararka.

Allah Ya jiƙanka, Muntaka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hure, da 'ya'yanku Khalilu da Luba, da dukkan dangi. Allah Ya ba ku haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu zuwan.