Fuskar da Karam Ilahi Bai Zana Ba

Shekara arba'in Karam Ilahi ya yi a lungun maƙera na birnin Multan, a ƙasar Pakistan, yana zanen lambobin yabo a jikin tagulla. Mutum ne mai tsamin baki, amma hannunsa ba ya ƙarya.

Dakta Nasrin, 'yar maƙwabcinsa da ta zama likitar ido, ita ta kawo masa aikin. Ƙungiyarsu ta likitoci na son lamba mai nuna yadda ake maganin yanar ido a da: mai magani a tsugune, yana ture yanar da allura. Har hoto ta kawo daga littafi.

"Ɗauke hotonki, yarinya," in ji shi. "Wanda ya zana wannan bai taɓa gani ba. Ina mai riƙe kan?"

Shi ya gani. Yana da shekara ashirin da biyar ya kai mahaifiyarsa wurin irin wannan mai allura a bakin kasuwa, don ya raina asibiti. Shi ya danne mata kai. Nan take ta ga ɗan nata, har ta ce ya rame. Kwana uku idon ya kumbura, mai allura ya bar gari, ita kuma ba ta ƙara ganin komai ba har ta rasu. Ko sau ɗaya ba ta zarge shi ba, kuma wannan ne ya fi ci masa rai.

Ya zana mai allura, ya zana nasa hannuwan biyu riƙe da kan matar, wato mahaifiyarsa. Saura fuskarta, sai aikin ya tsaya, don shi ma yanar ido ta rufe masa gani. Abin da bai gaya wa kowa ba, tun da ganinsa ya dushe, kullum da hantsi yakan hango mace tsaye a ƙofar shago da farin mayafi. Bai taɓa shakkar ko wace ce ba: mahaifiyarsa ce, wadda yake kira Amma. Yakan ce, "Sannu da zuwa, Amma," ya ci gaba da shan shayinsa.

"Kawu, taurin kan nan naka ya isa," in ji Nasrin. "Aikin idon minti ashirin ne fa. Ko tsoro kake ji, ƙato da kai?"

"Tsoron me? Ke da na sani da majina a hanci!"

Tsoro kuwa yake ji, amma ba na wuƙa ba. Wata biyu yana ja mata rai kafin ya yarda, don ya ƙudurta sai ya ga mai mayafin da kyau ya zana ta.

Aiki ya yi kyau. Da aka cire masa bandeji ya koma shago ya zauna tun safe, ƙarfen zane a hannu. Hantsi ya yi. Ya ga ƙofa tar, ya ga kowace tsaga a jikin katakon, ya ga rana a kan farin bangon da ke tsallaken lungu. Babu kowa, ashe hasken bangon nan ne mai farin mayafin. Ya rufe ido ya nemi fuskarta a zuciya, nan ma babu.

Haka aka buga lamba ɗari uku, matar ba ta da fuska. Likitoci suka yi ta yaba hikimarsa, wai ya nuna duk makafin duniya ne. Karam Ilahi ya juya kujerarsa ta ba ƙofa baya, kuma a haka ya zauna har ƙarshen ransa.