Buzun Malam a Gindin Dutse

Ƙauyenmu a ƙasar Maradun yake, ya jingina da wani baƙin dutse mai fuskantar gabas. In sanyi ya shigo, gindin dutsen nan hantsi yake fara sauka, ga shi kuma ya tare iska. Nan mahaifina, wanda har mu 'ya'yansa muke kira Malam, yake shimfiɗa buzunsa da safe, dattawan gari su kewaye shi da littattafansu, ana karatu ana shan hantsi. A nan mahaifinsa ya karantar, a nan shi ma ya gaje shi.

Ni ne babban ɗansa. Da aikin dam na Bakolori ya zo, na ajiye littafi na shiga gyaran manyan motoci, don ina da mata da yara, kuma ina son aikin ƙarfe. Malam bai hana ni ba, bai kuma taɓa tambayata yaya aiki ba.

Maigidana a gareji wani Bature ne mutumin Italiya, gajere mai sanƙo, Hausarsa sai ka kasa kunne sosai kafin ka tsinci abin da yake nufi. Wata safiya kekena ya lalace, Baturen ya biyo da mota ya ɗauke ni. Muna wucewa ta gaban masu karatu sai ya taka birki, ya leƙo da kai yana kallon sama. Can bisa kan Malam akwai wani falalen dutse da ya ɗan turo, faɗinsa ya kai rufin ɗaki, da tsaga a bayansa. Tun ina yaro nake ganinsa, ban taɓa kawo komai a raina ba.

A hanya ya ba ni labarin garinsu. Ya ce duwatsunsu dusar ƙanƙara ke rufe su lokacin sanyi, shi da abokansa kuma su ɗaure igiya su hau, ba don kiwo ba, ba don itace ba, haka nan kawai. Na ce a raina, wannan ai rashin aikin yi ne. Ya ce dokarsu guda ce, a hau tun sanyi na riƙe da komai, a sauko kafin rana ta ɗumama dutse, don sanyi ɗaurewa yake yi, ɗumi kuwa sakewa. Wani abokinsa ya tsaya cin abinci a gindin gangara saboda daɗin rana, gangarar duka ta zaftaro masa. Sai da ƙanƙara ta narke aka ga gawarsa. Ya ce namu ba ƙanƙara ba ne, amma dutsen da ya kwana cikin sanyi ya tashi cikin zafi motsi yake yi, ga kuma wani ɗan kwangila yana fasa dutse da nakiya a bayan namu.

Dariya na yi masa. Amma ranar Juma'a da ba na aiki na tsaya daga nesa na kasa kunne. Da hantsi ya yi ƙarfi sai na ji tsakuwa na gangarowa ɗaya-ɗaya. Dattawa ko ɗaga kai ba su yi ba, wai rema ce ke yawo a sama. Ni dai ban ga rema ba.

Na gaya wa Inna, mahaifiyata. Ta ce in so nake in san ko tsaga na ƙaruwa, in yi mata abin da take yi wa rumbu. Ta kwaɓa mini laka da ciyawa da kashin jaki, irin wadda ba ta tsagewa don kanta, ta ce in liƙe bakin tsagar in bar ta. Bayan sallar asuba na hau, laka a ƙwarya, ƙafa ba takalmi. Wallahi ban san sanyi ba sai ranar. Raɓa ta sa dutsen santsi, yatsuna suka mutu har ban san ko na kama ko ban kama ba. Ina rarrafe ina zagin Bature da abokansa masu yin wannan don nishaɗi. Tsagar kuwa hannuna ya shige ta har kafaɗa. Na liƙe wani siririn wuri na sauko kafin rana ta fito. Da na koma bayan 'yan kwanaki, lakar ta rabu biyu.

Ɗa ba ya tashin ubansa daga inda ya zauna, don haka na fara aika baffana, ƙanen Malam, wanda shi ma cikin masu karatun yake. Baffa ya dawo yana dariya, wai Bature ya sa mini tsoron dutsen da aka haife ni a gindinsa. Sai na je da kaina, na durƙusa a zaure, na yi gaisuwa har ta ƙare, na faɗi abin da na gani. Malam ya ce ai laka tsagewa take yi.

"Wanga dutsi ya girmi kakanka," ya ce. "Wanda ya aza shi nan, shi ka riƙonai."

Ni mutum ne mai zuciya. Na ɗaga murya a gabansa, na ce in shi bai damu da ransa ba, mu mun damu. Ya ɗauki carbinsa ya ci gaba da ja. Inna ta wuni ba ta yi mini magana ba.

Kashegari na roƙi Bature ya mayar da ni aikin yamma. Na kakkaɓe tsohon littafina na tafi gindin dutse. Ba wata dabara na ƙulla ba. Abin da ke raina kawai, in na ji ƙara in fizge Malam mu gudu. Wurin da ya rage kuwa bayan Malam ne, jikin dutsen, daidai ƙarƙashin falalen nan. Nan na zauna, tsoro kamar ya kashe ni. In aka zo kaina in karanta, sai in ɓace a layi don idona na sama. Dattawa suka samu abin yi, wannan ya ce makanike ya manta baƙi, wancan ya ce ko a samo mini hular ƙarfe. Na haɗiye. Malam ya gyara mini karatu kamar yadda yake gyara wa kowa, bai waiwayo ba.

Haka muka yi ta yi har sanyi ya kai tsakiya. Wata safiya Malam na cikin fassara, wani dutse kamar ƙwan zabo ya faɗo ya bugi gwiwata, ya gangara kan buzunsa. Ban yi ƙara ba. Baffa ya ce remar nan ta yi yawa bana. Amma Malam ya tsaya a tsakiyar layi, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ɗauki dutsen ya jujjuya shi a tafinsa, sannan ya waiwayo ya dube ni.

"Gobe ma za ka zo?"

Na ce kullum, muddin nan yake zama. Ya tambaye ni yarana fa. Na sunkuyar da kai.

Daga nan ya dafa ƙasa ya miƙe, ya naɗe buzunsa da hannunsa, bai bar kowa ya karɓa ba.

"Ni na tsufa, in ya zo bisa kaina ba a yi hasara ba," ya ce wa dattawan. "Amma ban iya karatu yaron ga na zaune nan."

Aka koma jikin katangar masallaci ta gabas. Hantsin wurin bai kai na dutse daɗi ba, kuma dattawa ba su bar ni na manta da haka ba. Falalen kuwa, in gaya muku gaskiya, yana nan har yau bai faɗo ba. Bature ya koma ƙasarsu tun tuni, ni aka bari da tsokana. Ban damu ba ko kaɗan.

Safiyar da ta biyo bayan tashinmu daga gindin dutse, ina ganin gadina ya ƙare, na sa kayan gareji na turo keke zan koma aikin safe. Na durƙusa daga nesa na gaishe su. Malam bai ɗago daga littafi ba, sai dai ya matsa gefe ya bar rabin buzunsa a fili.

"Ina za ka? Ba mu ƙare shafin jiya ba."

Na jingine keken a katanga, na zauna kusa da shi da baƙin mai a rigata.