Agogon Taimin da Baba Ya Sayo a Tsafe

Wata Lahadi da kaka, shekarar da na shiga aji huɗu a Nahuce, injin niƙan babanmu ya yi wani tari da ya sa kajin unguwa suka daina ƙwai. Hayaƙi baƙi ƙirin ya turnuƙe rumfar, mata suka suri ƙoransu na gero suka watse, ni kuwa da ke zuba hatsi na fito kamar an tsamo ni daga karofi. Baba ya kasa kunne ya ce taimin ne ya goce, wato famfon ba ya feso gas a daidai lokacinsa.

Saita shi sai da wani ɗan agogo mai allura, kuma duk yankinmu mutum ɗaya ke da shi, Malam Hashimu bakanike a Gusau.  Cikin safa yake naɗe agogon, in zai yi aiki kuma sai ya lulluɓa da zane shi da injin kamar mai jego, don kada wani ya koya. Baba ya yi sintiri har takalminsa ya san hanya shi kaɗai, yana roƙon haya ta wuni guda. "Wanga agogo ko ɗana bai taɓa shi," in ji Malam Hashimu. "Ka kawo injin, ko ka bar ni in sha iska." Ɗaukar injin zuwa birni da ladan aikinsa kuwa sai mun sayar da san nomanmu. Ga matan gari sun fara kai niƙa garin Kekun Waje, wasu ma ta ƙofar gidanmu suke bi, ko kunya.

A kasuwar Tsafe Baba ya ga irin agogon shimfiɗe kan buhu, tsakanin kwaɗuna da batiran tocila, da arha kamar sadaka. Mai kayan, Allah ya isa, ya rantse har da dafa ƙirji cewa lafiyarsa ƙalau. Allurarsa ba ta motsi sai an ɗan ƙwanƙwasa gilashin, Baba ya ce sabunta ce. Ya saita, ya yi bisimilla, ni da yayana Sani muka murza handul. Injin ya tashi da ƙara kamar aradu, ya yi tsalle, sai ga sandar fistin ta fasa cikinsa ta leƙo waje.  A amalanke 'yan gwangwan suka tafi da shi, rumfar ta zama ɗakin awaki.

Kwanan baya ɗana ya nuna mini irin agogon nan a wayarsa, sabo fil, kuɗinsa bai kai na ɗan akuya ba, har da bidiyon yadda ake aiki da shi, ba zane ba safa. Na yi dariya har da hawaye, yaron ya ɗauka raha ce. Abin ya zo da arha, amma Baba, Allah ya jiƙansa, bai jira shi ba.